Hotunan Koshut da nake tarawa, da namu da gara ke cinyewa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Ni ɗan Jos ne, a Unguwar Rogo aka haife ni kuma nan nake zaune har yau, ina da ɗan kemis ɗina da nake rufa wa kai asiri. Na daɗe ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine wani abu da na gani a Facebook satin da ya wuce wanda wallahi har yanzu yana ci min rai. Wani ne ya saka tsohon hoto baƙi da fari yace wai Malam Sa'adu Zungur ne, nan take wani yace ƙarya ne wannan wani malamin makaranta ne a Zariya, wani kuma yace a'a kakansa ne, aka yi ta musu har kwamen ya haura ɗari, aka fara zage-zage, aka watse ba wanda ya iya kawo hujja. Mutumin da ya rasu a 1958 fa, ba zamanin Shehu ba, akwai tsofaffi a Bauchi da suka gan shi da idonsu.

Daren nan na kasa barci sai na jawo akwatin da nake ajiye hotunan wani bawan Allah ɗan ƙasar Hangari, Lajos Kossuth, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin ƙasarsu daga mulkin Ostiriya, su can suna faɗin sunan Layosh Koshut. Shekara goma sha ɗaya kenan ina tara hotunansa. An haife shi 1802 ya mutu 1894, wato ya mutu tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato, amma kusan duk hoton da ke hannuna zan iya gaya maka wa ya zana ko wa ya ɗauka, a wane gari, wajen wace shekara. To kaga abin da ya hana ni barci.

Bari na faɗi yadda abin ya samo asali don nasan wasu zasu ce me ya haɗa Bahaushen Jos da wani Bature mai gemu. Karatun haɗa magunguna ne ya kai ni garin Debrecen a gabashin Hangari. Shekarata ta biyu na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, ta kai shekara tamanin, ba ta jin Turanci ni kuma yarensu kaɗan-kaɗan nake tsinta. Ranar 15 ga Maris, ranar da suke tunawa da juyin juya halin da suka yi wa mulkin Ostiriya a 1848, kowa ya maƙala ɗan ƙyalle mai ja da fari da kore a ƙirji, sai ta kira ni kicin ta ɗauko wani littafi mai kauri ta buɗe tsakiya ta zaro takardar kuɗi, tsohuwar forint 100 ce mai launin ja wadda aka daina karɓa tun ƙarshen shekarun 1990. Ta shimfiɗa ta kan tebur tana shafa ta da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, ta ɗora yatsa kan fuskar mutumin tace "Kossuth apánk", daga baya na gane ma'anarsa Koshut babanmu. Ta ninke min ita a cikin takarda tace na riƙe. Ita ce ta farko a akwatina, gefenta ɗaya ya ɗan yage, kuma ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba.

Garin ma duk inda ka juya shi ne. Babban filin tsakiyar gari sunansa ne, mutum-mutuminsa na nan tsaye, jami'ar garin ma ta taɓa ɗaukar sunansa daga 1952 zuwa 2000. A babban cocin nan mai launin ruwan ɗorawa ne ranar 14 ga Afrilu 1849 aka shelanta cewa Hangari ta fita daga ƙarƙashin gidan sarautar Habsburg na Ostiriya, kuma kujerar da ya zauna a kai tana nan a ajiye ana nuna wa baƙi. Kujera ce fa kawai ta katako da ɗan tufafi, amma an kula da ita shekara sama da 170.

Edita, kai ya kamata ka fi kowa son labarin mutumin nan don ɗan jarida ne kafin komai. Lauya ne ɗan ƙaramin gida daga wani ƙauye da ake kira Monok. A shekarun 1830 gwamnati ba ta yarda a buga abin da ake faɗa a majalisa ba, sai shi ya riƙa zama yana rubuta muhawarar, ya sa matasa su kwafe da hannu, a riƙa aikawa gari-gari kamar wasiƙa. Da abin ya dame su suka kama shi a 1837, bai fito ba sai 1840, kuma a kurkukun ne ya duƙufa kan Turancin Ingilishi, Turancin da daga baya ya riƙa tsayawa gaban dubban mutane a Ingila da Amurka yana jawabi da shi. Da ya fito ya zama editan jaridar Pesti Hírlap a 1841, yana rubutu kan a 'yanta talakawan da ke noma wa masu ƙasa, kuma masu sarauta su ma su biya haraji kamar kowa. Duk sanda na karanta wannan ɓangaren Malam Aminu Kano nake tunawa da 'yan NEPU, ba wai nace ɗaya suke ba, amma zancen talaka da haraji da aikin tilas ai mun san shi a gidajenmu.

A 1848 ya zama ministan kuɗi a gwamnatin Firaminista Batthyány, ya buga wa ƙasar takardun kuɗinta da sa hannunsa a jiki. Yaƙi ya ɓarke, suka yi ta ba sojan Ostiriya kashi a farkon 1849, sai sarkin Ostiriya ya nemi agajin Rasha, Sarki Nikolas na ɗaya ya turo soja wajen dubu 200. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ranar 13 ga Agusta 1849 rundunar Hangari ta miƙa wuya a Világos, ranar 6 ga Oktoba aka kashe manyan hafsoshinsu 13 a Arad, aka harbe Batthyány a Pest a wannan ranar. Kuɗin da Koshut ya buga aka ce kowa ya kawo, aka riƙa tarawa ana ƙonewa a bainar jama'a, wanda aka kama da su ya shiga uku. Amma mutane suka ɓoye. Shi ya sa har yau ake samunsu, ni ma ina da guda ɗaya da na saya a kasuwar gwanjo ta Ecseri a Budapest, ta yi laushi kamar tsumma, layin ninki huɗu a jikinta, in na riƙe ta sai na riƙa tunanin wane ne ya ninke ta haka ya cusa a wani lungu yana sane da abin da zai same shi in aka gani.

Akwai wani abokina, tare muke sallar asuba, ya taɓa ce min Malam wai kai duk mutanen kirkin da Musulunci ya yi ba ka ga na tarawa ba sai wannan? Ban ji haushi ba don tambaya ce mai kyau. Nace masa zauna ka ji inda mutumin ya gudu. Da aka ci su da yaƙi ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya tsallaka shi da dubban mutanensa, Ostiriya da Rasha suka taso Sarkin Musulmi Abdulmajid a gaba lallai sai ya miƙo su, har da barazana, shi kuma ya ƙi, don baƙon da ya shigo inuwarka ba ka miƙa shi ga mai yanka. Aka zaunar da shi a garin Kütahya har zuwa 1851, gidan da ya zauna yanzu gidan tarihi ne a Turkiyya. Abokin nawa yayi shiru can yace wallahi bai taɓa jin wannan ba. Kuma don masu tambaya, ni ba na rataye su a bango, a albam suke cikin akwati, ilimi nake nema a ciki ba wani abu ba.

Daga Turkiyya jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Mississippi ne ya ɗauke shi, daga baya a wani jirgin ya sauka Southampton a Ingila a Oktoban 1851, ya isa New York a Disamba. A nan ne hotunansa suka yawaita don ko'ina ana rububinsa, har hula irin tasa mai gashin tsuntsu ta zama abin yayi, har wata ƙaramar hukuma a jihar Iowa aka sa mata sunansa kuma tana nan da sunan har gobe.

To a nan ne daɗin tarawar yake, don hoto ba iri ɗaya ba ne kuma sai da na shiga harkar na sani. Na farko-farkon duk zane ne. Akwai wanda ake zanawa a kan dutse mai santsi a shafa tawada a danna takarda, irinsa ne wanda August Prinzhofer yayi wajen 1848 wanda ya fi kowanne yawo, Koshut da ƙuruciyarsa, gemu ya zagaye fuska ga gashin baki. Nawa ba na asali ba ne, bugun baya ne, kuma haka na rubuta a bayansa. Akwai wanda ake sassaƙawa a katako don jarida, ina da shafi guda na Illustrated London News na 1851 lokacin zuwansa Ingila, takardar ta koma ruwan ƙasa, in ka kawo hanci kusa wani wari take kamar na tsohon kundi. Sannan akwai hoton kyamara na farko-farko da ake kira dagerotayif, wanda aka fito da shi a Faransa a 1839, shi ba a takarda yake ba, a kan farantin tagulla ne da aka shafe da azurfa, yana ƙyalli kamar madubi, guda ɗaya tak ake samu ba a wanke wani daga jikinsa. Masu hoto biyu na Boston, Southworth da Hawes, sun ɗauke shi irin wannan lokacin rangadinsa na Amurka. Wannan kam sai dai kwafi, asalin yana gidan tarihi. Amma ko a kwafin in ka ajiye shi gefen zanen Prinzhofer zaka ga bambanci, mai zane ya gyara shi ya yi masa kwalliya, kyamara kuwa ta nuna mutum da gajiya a ƙarƙashin ido, mutumin da ƙasarsa ta kuɓuce masa shekara biyu da suka wuce. Na fi son na kyamarar nesa ba kusa ba.

Sai ƙananan katuna na shekarun 1860 zuwa sama, girman tafin hannu, hoton a manne kan kwali, an shafe takardar da farin ƙwai shi ya sa take ɗan sheƙi, sunan situdiyo da garin a buge a ƙasa ko a baya. Sai kan sarki guda biyu da Amurka ta fitar a 1958, na senti 4 da na senti 8. Sai na tsufansa a Turin ta Italiya, gemu ya yi fari fat, ɗan tsoho a zaune. Wannan na ƙarshen yana taɓa ni sosai don mutumin shekara 45 yayi a waje bai sake taka ƙasarsa ba. Da aka yi sulhu da Ostiriya a 1867 ƙarƙashin jagorancin Ferenc Deák ya rubuto buɗaɗɗiyar wasiƙa yace wannan ɗaurin zai ja Hangari ta faɗi tare da Ostiriya, ya ƙi komawa ya zauna ƙarƙashin sarkin da ya yaƙa, har takardar zama ɗan ƙasa ya rasa. Gawarsa ce ta koma Budapest a 1894. Kai har muryarsa suna da ita, an naɗe ta a Turin a watan Satumba 1890 a kan na'urar farko ta naɗar sauti, tana nan a intanet, ƙara ta yi yawa a ciki amma kana jin tsoho yana magana da ƙarfi.

An taɓa cuta ta sau ɗaya. Wani a intanet ya tallata min kati yace na 1860 da wani abu ne, na tura kuɗi masu ɗan yawa, wata biyu kafin ya iso Jos. Da na sa gilashin ƙara girma sai na ga ɗige-ɗigen firinta a fuskar, launin tsufan kuma da alama ruwan shayi aka shafa don har bayan kwalin ya yi dabbare-dabbare. Hoton gaske na wancan zamanin ba shi da ɗige ko ɗaya, sumul yake. Ban yar ba, na rubuta jabu a bayansa da ranar da ya zo, ina nuna wa yara don su san bambanci.

Kuma kar a ce ina wanke shi tas. Mutumin yana da laifinsa babba. Hangari ta lokacin ba Magyar, wato masu yaren Hangari, kaɗai ba ne a cikinta, akwai Kuroshiyawa da Sabiyawa da Romaniyawa da Sulobak, shi kuma yana neman 'yanci daga Ostiriya amma da waɗannan suka zo da tasu buƙatar ta harshe da mulkin yankinsu bai saurare su da wuri ba, sai Ostiriya ta samu ƙofa ta jawo da yawansu suka yaƙe shi. Sai a Yulin 1849 majalisarsu ta amince da haƙƙin ƙabilun, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. A gudun hijira ne ya dawo yana kiran a yi tarayyar ƙasashen kogin Danube. Mu mutanen Jos da muka ga 2001 muka ga 2008 ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da zancen ɗan ƙasa da baƙo ke jawowa ba. In ina kallon hoton tsufan nan nakan ce ko wannan na cikin abin da yake tunawa.

Yanzu bari na zo kan namu, don shi ne ainihin abin da ke damuna. Kakana aikin kuza ne ya kawo shi Filato daga ƙasar Kano, ya zauna wajen Bukuru yana shugabantar leburori kafin ya dawo cikin gari, kuma ɗan NEPU ne na a-mutu. Muna yara akwai hoto a ɗakin kakarmu cikin adaka, shi da wasu mutum biyar a tsaye sun sa Malam Aminu Kano a tsakiya, kakana ne na biyu daga hagu da hula ja da ta fito baƙa a hoton, hannunsa ɗaya riƙe da keke. Kakarmu ta san sunan kowa a ciki, takan bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wannan an ɗaure shi, wannan ya koma Gusau, wannan shi ya yi mana waliyyi. Ba wanda ya rubuta a cikinmu, har ni. Bayan rasuwarta wani ɗan uwanmu ya kai hoton wani shago a yi masa laminatin don kar ya lalace, zafin injin ya narkar da fuskokin, uku daga ciki suka zama farin tabo, na kakana na ciki. Sauran hotunan adakar kuma damina biyu aka yi ba a buɗe ba, da aka buɗe gara ta gama da su sai gari. Ranar da na dawo na gani na zauna a ƙofar ɗakin nan na yi kuka, ina da fuskar Koshut kala wajen arba'in a akwati amma ba ni da ta mutumin da na gaji sunansa.

Mutanen can an hana su ajiyewa da bakin bindiga suka ɓoye a rufin ɗaki. Mu ba wanda ya hana mu. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, muna da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kadunan, ga Gidan Mambayya a Kano, ga gidan tarihin Jos da aka buɗe tun 1952, kuma suna iya ƙoƙarinsu, amma yawancin hotunan ba a can suke ba, suna cikin adakar tsofaffi ne da ƙarƙashin katifa da tsofaffin situdiyo da 'ya'yan masu su ke shirin mayarwa shagon caji. Ko gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002 Allah kaɗai ya san abin da ta ci na irin wannan. Su Tafawa Ɓalewa da Sardauna sun tsira don suna jikin naira 5 da naira 200, to Hajiya Gambo Sawaba tana budurwa fa, da matan da aka ɗaure tare da ita, da malaman da suka buɗe islamiyyun farko a garin nan, da 'yan kuzan da suka gina Jos da kwano a ka?

Ga ɗan abin da harkar ta koya min, ga duk mai tsohon hoto a gida. Don Allah kar a yi masa laminatin, kar a manna salatif, kar a rubuta da biro don tawadar tana hudowa ta gaba. Fensir mai laushi za a samu a rubuta a baya a hankali, wane ne, a ina, wace shekara ko da kintace ne kamar shekarar da aka yi kaza, da sunan wanda ya faɗa maka. A saka kowanne cikin ambulan na takarda, ba leda ba don leda tana riƙe danshi, mu nan Jos kun san yadda bango ke jiƙa a Agusta. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa. A ɗauke shi da waya a inuwa ba tare da filashi ba, gaba da baya, a tura wa 'yan uwa uku ko huɗu. Mafi muhimmanci kuma a je wajen tsohuwar gidan yau ba gobe ba, a kunna rikodin na waya a miƙa mata hoton a bar ta ta yi magana.

Roƙona gare ka Edita shine ku ware mana ɗan gurbi ko da rabin shafi ne duk sati, masu karatu su riƙa turo tsofaffin hotuna, amma da sharaɗi, ba za a buga ba sai da sunan wanda ke ciki da gari da wanda ya ba da bayanin, in ba a san wani ba a rubuta ba a sani ba a nemi wanda ya sani ya rubuto. Wanda aka tabbatar ku ajiye kwafi, ƙarshen shekara ku miƙa wa ɗaya daga gidajen tarihin nan. Ni na ɗauki alkawarin duk wanda ke Jos da kewaye in yana so zan zo har gida da sikana ta ranar Lahadi bayan la'asar, kyauta, a gabansa zan yi na miƙa masa abinsa. Kuma na haɗo muku da hoton kakan nawa yadda ya lalace ɗin, fuska huɗu sun rage ana gane su, ta Malam da wasu uku, ko Allah zai sa wani a Bukuru ko Gangare ko Gusau ya gane mahaifinsa a ciki, wataƙila ma su nasu kwafin yana nan lafiya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum,
daga Unguwar Rogo, Jos.